Ƙina Suke Yi, Ko Haka Zamansu Yake?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan ina Jamus wajen wani kwas. A jirgin ƙasa kowa shiru, ba mai kallon wani. Ran Lahadi ina kafa ƙusa a bango, maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce in bari. A aji kuma malami ya ce min aikina bai yi ba, a gaban kowa. Anya ba ƙina suke yi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka. Duk ukun nan da ka lissafa, Bajamushe zai yi wa ɗan'uwansa Bajamushe su ba tare da ya ji ya yi laifi ba.

Mu fara da ƙusar. Lahadi a Jamus ranar hutu ce da doka ta kare, shi ya sa ka ga yawancin kantuna a rufe. Akwai abin da suke kira Ruhezeit, wato lokacin da ba a son hayaniya: daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, da kuma ilahirin ranar Lahadi. Sau da yawa ma yana rubuce cikin ƙa'idojin gidan haya. Matar nan da ta zo ta same ka ido da ido, a ganinta mutunci ta yi maka, don tana iya wucewa ta kai ƙara wurin mai gida kai tsaye.

Maganar malamin ce na fi so ka tsaya a kanta, don nan ne baƙo ya fi jin ciwo. Wani masanin al'adu ɗan Amurka, Edward Hall, ya nuna cewa akwai al'ummar da ke saka ma'ana cikin kalmar kanta, akwai kuma wadda ke barin ta a murya, da fuska, da abin da aka ƙi faɗa. Jamusawa na sahun farko. Idan malaminka ya ce aiki bai yi ba, aikin yake nufi, ba kai ba, kuma kana iya ganinsa bayan aji yana yi maka fara'a kamar ba abin da ya faru. A Japan kuwa akasin haka za ka tarar: mutum zai ja numfashi ya ce "abin zai ɗan yi wuya", alhali a'a yake nufi. Baƙon da bai gane ba sai ya yi ta jiran amsar da an riga an ba shi.

Shirun jirgi ma haka. A wurin Jamusawa barin mutum da tunaninsa girmamawa ce. A jiragen Tokyo ko waya ba a amsawa. Amma ka tsallaka Faransa ka shiga shago ba ka ce "bonjour", wato gaisuwarsu, ba, nan take za ka ga fuskar mai shagon ta canza. A Amurka ka tashi daga gidan abinci ba ka bar wa mai hidima kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin ba, ka ci haƙƙinsa. A Japan ka bar kuɗin a tebur, yana iya biyo ka da gudu ya mayar maka.

Ba zan ɓoye maka ba, wariya tana nan, kuma baƙi suna gamuwa da ita. Ma'aunin da nake ba matafiya shi ne: duba ko abin da aka yi maka ana yi wa 'yan ƙasa. In malamin haka yake yi wa kowa a aji, al'ada ce. In kai kaɗai ake warewa, ko ana jifan ka da magana kan launinka ko addininka, wannan wani abu ne daban, kada ka yi shiru, ka kai kuka ofishin da ke kula da ɗalibai baƙi.

Ƙuncin da kake ji yanzu ma sananne ne. Tun 1960 wani masanin al'adu mai suna Kalervo Oberg ya bayyana yadda ɗokin makonnin farko ke gushewa, haushin komai ya biyo baya, kafin mutum ya saba. Wata na biyu ko na uku yakan yi nauyi.

Ita kuwa maƙwabciyar, in kun haɗu a matakala ka ce mata "Guten Tag", wato barka da rana. Ƙusar kuma ka bar ta sai Asabar da hantsi.