Tarakta tana ƙin ɗaga garma in ta yi zafi, na sa sabon pompo bai hana ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne daga wajen Madarunfa, ina da 'yar ƙaramar tarakta da na saya ta hannu, bana damina ta biyu kenan. Da safe in na tada ta tana ɗaga garma lafiya lau, amma in ta yi kamar awa guda tana aiki sai hannuwan baya su riƙa tashi da kyar suna karkarwa, daga baya su ƙi gaba ɗaya, kuma akwai wani kuka da ke fitowa ta gefen injin. Wani yaro ya ce pompon idirolik ne, na sayi sabo aka sa, kwana uku abin ya dawo. Yanzu wai in sake sayen wani, na farkon jabu ne. Mi ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ba da damina mai albarka. Don Allah maida kuɗin nan aljihu tukuna, kar ka sayi pompo na biyu, ina tsoron an bar jaki ne ana dukan taiki.

Kai da kake kusa da masu noman rani ka san injin ban ruwa. In tiyon da ke cikin rijiya ya tsage ko bakinshi ya toshe da laka, injin zai yi ta ƙara amma ruwa ba zai hito ba, kuma ba wanda zai ce a je a sayi sabon inji, tiyon ake dubawa. To pompon tarakta ma haka yake. Shi aikinshi kawai ya zuƙo mai ya tura gaba, ƙarfin da ke ɗaga garma yana samuwa ne lokacin da man ya je ya tarar da nauyi kuma bai samu wata kafar zillewa ba. Saboda haka in ƙarfi ya ɓace, ko dai mai bai isa bakin pompo yadda ya kamata ba, ko kuma yana zillewa a ciki kafin ya kai wurin aiki, ko pompon ya gaji. Na ukun nan shi ne mafi tsada kuma shi mutanenmu ke fara saye.

Abu biyu da ka faɗa, karkarwa da kuka, su suka sa nake zargin ɓangaren zuƙa. Pompon da ke shan iska ko yake jin yunwar mai haka yake kuka.

Ka fara da man kanshi. Ka aje tarakta a wuri mai daidai, ka sauke garma har ƙasa, ka kashe inji, sannan ka zaro sandar awon mai ta baya. A irin waɗannan ƙananan taraktoci man giya da man idirolik duk abu ɗaya ne a tukunya ɗaya, shi ya sa yoyon da kake gani a gindin ƙafar baya kana cewa ba komi, shi ne ke rage ma pompo abinci. Amma kar ka tsaya ga yawanshi kawai, ka duba kamanninshi, kuma ka duba lokacin da ta yi zafi ta fara halin nata. In ka ga kumfa kamar an kaɗa nono, iska ce ke shiga. In ya yi fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga, kuma da damina wannan ba abin mamaki ba ne, robar da ke gindin sandar giya in ta yage ruwan sama ta nan yake bi, ga masu kai tarakta gulbi su yi ta sheƙa mata ruwa. In kuwa ya yi baƙi yana warin ƙuna, ya daɗe da mutuwa. Ka ɗiga kaɗan a kan farar takarda ka kai rana, in kana ganin wasu 'yan ƙwayoyi suna ƙyalli, ƙarfe ne ke cinyewa a ciki.

Sai maganar wane mai aka zuba, nan ma muna cutar kanmu. Wani ya zuba man inji da ya rage, wani ya zuba mai kauri na 140 wai don ya tsaida yoyo, wani a garwaya uku. Mai kauri da yawa pompo ba ya iya zuƙo shi ta rariya, wanda bai dace ba kuma in rana ta take, zafin nan namu da ke wuce digiri 40, sai ya tsinke kamar ruwa ya riƙa bi ta duk wata kafa. Ka nemi irin wanda littafin taraktarka ya ce, yawanci za ka ga an rubuta UTTO a jikin bidon, wato man da aka yi don giya da idirolik na tarakta tare, kuma bidanji, wato canjin mai, ana yin shi ne tsakanin awa 400 zuwa 600 na aiki, ba sai ranar da ta tsaya ba.

Yanzu inda nake ganin gizo ke saƙar. Ban da filtir na waje da ake murzawa a cire, akwai wata rariya ta waya a can ƙasan tukunyar man, daidai inda bututun zuƙa ya fara, mutane da yawa har su sayar da tarakta ba su san da ita ba. Bara aka kawo mini wata daga wajen Jiratawa, mai ita ya riga ya sa pompo biyu. Muka zubar da mai, na zaro rariyar, wallahi ko haske ba a gani ta cikinta, ta yi dam da wani baƙin ƙullu, yashi da zaren tsumma da ɓarɓashin gam ɗin da wani ya shafa ma murfi maimakon ya sa juwan, wato shimfiɗar da ake sawa a bakin murfi don hana yoyo. Na wanke ta da gazuwal da tsohon buroshin haƙori, muka hura mata iska, muka sa sabon filtir da sabon mai, ta ɗaga garma kamar ba ita ba. Da na tambayi yaron da ke tuƙa ta da mi yake zuba mai, sai ya nuno mini wata gorar roba da aka yanke, tana yashe a ƙasa cikin turɓaya. Kuma abin da ya sa irin wannan ke yin lafiya da safe, dattin yana kwanciya cikin dare, in aka fara aiki mai ya motsa sai ya taso ya sake manne ma rariyar.

Daga rariya ka bi bututun har bakin pompo. A taraktoci irin su Kubota pompon yana jikin inji ne a waje, kuma galibi akwai guntun tiyon roba a tsakani da aka ɗaure da ƙarfe. Wannan tiyon in ya tsufa yana tsagewa, ko ya yi laushi in ya ji zafi ya lotse, kuma abin haushin ba lalle ka ga ɗigon mai ba tunda zuƙa yake ba turawa ba, iska ce ke shiga. Dabarar da muke yi: inji na aiki a hankali, ka shafa giris mai kauri a kan kowace mahaɗa ɗaya bayan ɗaya, inda ka shafa kukan ya canza ko ya tsaya, to ka kama ɓarawon. Ka dai yi hankali da fanka da bel. In kuwa taka irin Massey Ferguson 135 ko 240 ce, pompon yana nutse cikin man ne a ciki kuma ta hanyar kuloci yake samun juyi, shi ya sa in ka taka kuloci har ƙasa hannuwan ke tsayawa, kuloci mai zamewa ko wanda ba a saita daidai ba yana iya kawo irin wannan kasalar.

Akwai gwajin da ba ya cin ko dala. Lokacin da take iya ɗagawa, ka ɗaga garma sama ka kashe inji ka tsaya kana kallo. In ta sauko ƙasa cikin 'yan mintoci, mai na zillewa a sama, ko robar pisto da ke ƙarƙashin kujera ta cinye ko bawul ɗin sarrafawa ba ya rufewa, kuma wannan ko pompo goma ka sa ba zai gyaru ba. In ta tsaya cak ta daɗe, sama lafiya, matsalar tana ga zuƙa ko pompo ko bawul ɗin da ke sakin mai in ƙarfi ya yi yawa. Shi wannan bawul ɗin ɗan ƙaramin abu ne mai sifirin, ƙwayar yashi ɗaya in ta maƙale a bakinshi sai man ya riƙa komawa tukunya yana ƙara zafi. Ka kuma leƙa sandar da ke karkata mai zuwa tirela, wani lokaci yaro ya bar ta rabi da rabi ne kawai.

Bayan duk wannan sai awo. Ka sa bakaniken ya ɗaura agogon awon ƙarfin mai, mai kaiwa bar 250 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin mai), a bakin da ake haɗa tiyon tirela. Ƙananan taraktoci yawanci suna ba da tsakanin bar 140 zuwa 200, ainihin lambar taka tana cikin littafinta. A auna da sanyi, a sake aunawa in ta yi zafi, daƙiƙa kaɗan kawai ake riƙewa. In allurar tana rawa, iska ce. In ta tsaya ƙasa wuri ɗaya da sanyi da zafi, a buɗe bawul ɗin can mai sakin mai a wanke. In da sanyi ta kai, da zafi ta faɗi warwas alhali zuƙa lafiya kuma sama ba ta yoyo, to a nan ne kawai zan yarda pompo ne. Bakaniken da ya ce zai cusa ma bawul washa ya ƙara ƙarfi ba tare da agogo ba, ka ce ka gode, haka ake fasa tiyo da murfi.

Kuma don Allah kar kowa ya shiga ƙarƙashin garmar da ke rataye, kar kuma a lalubi yoyo da hannu inji na aiki, man da ke hita ta ƙaramar huda da wannan ƙarfin yana huda fata ya shige nama, a yi amfani da guntun kwali. In tsautsayi ya sa ya shiga, a tafi likita nan take ko da ciwon bai kai ƙwayar gero ba.

Gaskiya guda da ba za ka so ji ba Alhaji: sabon pompon da ya yi kwanaki yana aiki da yunwa da dattin mai, ƙila shi ma ya riga ya ji jiki, awo ne zai nuna. Amma tsohon da aka cire kar ka bari yara su kai ma masu sayen ƙarfe, a kwance shi a duba haƙoran da cikin gidan, in ba su karce ba a wanke a naɗe cikin leda a aje, ƙila ma shi za ka mayar.