Me ya sa sojojin jiki ke kasa cin ƙarfin dajin hanta?

Tambaya: Likita, an gano mijina na da ciwon dajin hanta. Na ji akwai maganin da ke sa jiki ya yaƙi daji da kansa. Me ya sa wasu ba ya yi musu aiki? Daga wata baiwar Allah a Tawa.

Amsa: Malama, Allah ya ba maigida lafiya. Dajin da ke yin ƙari, kamar na hanta, nono ko huhu, ganuwa yake ginawa. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi a karkace suke, suna yoyo, shi ya sa ƙwayoyin T, sojojin jiki masu kashe ƙwayar daji, ke shan wahalar shiga. Waɗanda suka kutsa sai su tarar iskar oksijin ta yi ƙaranci, ƙarin ya cinye sukari ya bar musu tsami. Ga kuma wayo: ƙwayar dajin na ɗauke da sinadarin PD-L1 a fatarta, da zarar ya taɓa PD-1 da ke jikin ƙwayar T, sai ƙwayar T ɗin ta lafa kamar an taka mata birki.

Magunguna irin su atezolizumab wannan birkin suke cirewa. Amma cire birki bai da amfani ga sojan da ke tsaye bayan ganuwa. Don haka tun 2020 ake haɗa shi da bevacizumab, mai toshe VEGF, sinadarin da ke sa ƙari ya tsiro da sababbin jijiyoyin jini, ya gyara jijiyoyin ƙarin. Ta ƙarin ruwa ake ba da su duk sati uku: miligiram 1200 na na farko, na biyun miligiram 15 kan kowane kilo na nauyin majinyaci. Ko da hakan, kusan mutum 3 cikin 10 ne ƙarinsu ke raguwa sosai.

Kafin a fara, sai hantar na da sauran ƙarfi. A zura kyamara ta maƙogwaro a duba kumburarrun jijiyoyi, domin bevacizumab na iya sa su zubar da jini. In yana da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a ƙasarmu, a ɗora shi kan tenofovir tukuna.

Garkuwar da aka saki tana iya afka wa hanji ko huhu. Zawo mai yawa, sabon tari ko shawara, kada a tsaya jiƙo a gida, a koma asibiti ranar. Ki tafi da duk takardun awonsa cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai, su duba ko hantarsa za ta ɗauki wannan magani.