Amsa kan riƙe ƙwallo da kai hari kai tsaye

Malam, ka tambaya ko ƙungiyar da ta fi riƙe ƙwallo ita ce ke ɗaukar kofi. A ganina, irin 'yan wasan da koci yake da su ne ke zaɓa masa salo. Barcelona ta Guardiola ta lashe kofuna shida a 2009 saboda tana da Xavi da Iniesta, waɗanda da wuya a ƙwace ƙwallo a ƙafarsu. Leicester kuwa ta ci Firimiya a 2016 tana barin abokan karawarta suna juya ƙwallo, amma da zarar Kante ya ƙwato ta, sai a cilla wa Vardy ta bayan 'yan baya, har ya ci ƙwallaye 24 a kakar. Sifaniya ma ta yi ta juya ƙwallo a gasar cin kofin duniya ta 2022, amma Maroko ta fitar da ita a bugun fanareti.