Amsa: Wane ne Wes Moore, kuma aikin soja da na banki sun taimake shi a mulki?

Malam, ka tambaya ko gaske ne gwamnan jihar Maryland ta Amurka tsohon soja ne kuma ma'aikacin banki, da ko hakan ya amfane shi a kujera. Gaskiya ne. An haifi Wes Moore a 1978, ya kai muƙamin kyaftin a rundunar sojan laima ta 82, kuma ya yi aiki a Afghanistan daga 2005 zuwa 2006. Bayan ya dawo ya shiga harkar zuba jari a bankin Citigroup da ke New York, daga baya ya shugabanci gidauniyar Robin Hood mai yaƙi da talauci, daga 2017 zuwa 2021. Bai taɓa riƙe ko kansila ba kafin ya ci zaɓen gwamna a 2022, ya zama baƙar fata na farko a wannan kujera.

Inda na ga horon soja ya yi masa rana shi ne ranar 26 ga Maris 2024, lokacin da jirgin ruwan dakon kaya mai suna Dali ya daki gadar Francis Scott Key a birnin Baltimore na jihar cikin dare, ta rufta cikin ruwa, ma'aikata shida masu cike ramukan titi suka rasu. Nan take ya ayyana dokar ta-ɓaci, ya yi ruwa ya yi tsaki tare da jami'an tarayya, kuma zuwa watan Yuni an buɗe hanyar jiragen gaba ɗaya.

Ɓangaren kuɗi kuwa, sai a hankali. A 2025 jihar ta fuskanci giɓin kasafi na kusan dala biliyan 3, dole ya amince da ƙarin haraji da rage kashe kuɗi, kuma ba kowa ne ya yafe masa ba.