Kampfgruppe ba bataliya ba ce, ba kuma birged ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Kampfgruppe ta sojojin Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu bataliya ce ko birged. Ko ɗaya. Runduna ce ta wucin gadi, ba ta da tsayayyen girma. In aiki ya taso, sai a tsakuro tankoki daga nan, sojojin ƙasa daga can, a haɗa da manyan bindigogi da injiniyoyi, a damƙa wa hafsa ɗaya. Galibi sunansa ake laƙaba mata. Aiki na ƙarewa, kowa ya kama gabansa.

Dubi ta wani hafsan Jamus, Joachim Peiper, a harin da Jamus ta kai a yankin Ardennes, Disambar 1944. Ya kutsa cikin Beljiyam da sojoji kusan 4,800, mai ya yanke masa a ƙauyen La Gleize, suka watsar da tankokinsu, kimanin 800 suka sulale da ƙafa cikin dare. Mutanensa ne kuma suka bindige fursunonin Amurka 84 kusa da Malmedy, don haka masu kambama shi su rage zaƙewa.

Da yaƙi ya zo gangara, sau da yawa ragowar dibishin da aka ragargaza ake tattarawa a kira ta da wannan suna.