Zakaran da muka sayar ya bar 'ya'ya

Ɗana, jiya da yamma ka tsuguna bakin akurki kana ƙirga 'yan tsakin baƙar kazar nan, ka ce: "Maigida, yaya aka yi biyu suka fito wuya ba gashi, alhali jan zakaran nan kaɗai ke tare da ita? Ko tsako ɗaya kan samu uba biyu?"

A'a, ƙwai ɗaya uba ɗaya gare shi. Amma kwanci ɗaya kan iya haɗa 'ya'yan zakaru biyu ko uku.

Ka tuna zakaran nan mai tsiraran wuya da muka kai kasuwar Agege kamar mako guda kafin ta fara zuba ƙwai? Shi ne ubansu. Allah Ya yi wa kaza wasu ƙananan ma'ajiyoyi a cikin hanyar da ƙwai ke bi. In zakara ya hau ta, maniyyinsa kan zauna a can da ransa, yana fita kaɗan-kaɗan yana haɗuwa da kowace gwaiduwa, har mako biyu, wani lokaci uku. Wanda ya hau daga baya yakan fi samun rabo, amma na farko bai fita lissafi ba. Wannan abu har yau in na tuna shi sai na yi tasbihi.

Abin da ya sa na tabbata kuwa, tsiraran wuya gado ne mai rinjaye, ba ya ɓuya. Tsako ba zai fito da shi ba sai uwa ko uba na da shi. Dubi wuyan uwar, cike yake da gashi, haka na jan zakaran. To daga ina? Launin gashi kuwa kada ka rantse a kansa, yana iya tsallake iyaye ya ɗauko na kakanni, musamman a kajinmu na gida da jininsu ya gauraya. Ni kaina ina saurayi na taɓa sayar wa mutum ƙwai da sunan 'ya'yan wani babban zakara, aka ƙyanƙyashe rabinsu ƙanana, na sha kunya na mayar da kuɗi.

Masu fitar da iri, irin su NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi da ke Shika kusa da Zariya, wadda ta fitar da irin kajin ƙwai da ake kira Shika Brown, ba sa barin wannan ga sa'a. Mu ma a nan Legas da ɗan filin da muke da shi za mu iya. Ka ware kazar a keji ita kaɗai mako huɗu, ƙwan da ta yi a lokacin a soya a ci. Sannan ka saka mata zakaran da kake so, bayan kwana uku ka fara tara ƙwai, kana rubuta rana da fensir a kan ɓawon. Ranar da ta hau kwanci ka ƙirga kwana 21.

Gobe da safe ka wanke kejin da ke bayan tankin ruwa, da baƙar za mu fara da zarar ta saki 'ya'yanta.