Aljabara ga Malaman Gobe

Tambaya: Malam, ina koyar da aljabara a kwalejin horar da malamai. Kullum ɗalibaina cewa suke, "Ina amfanin wannan?" Yaya zan yi?

Amsa: Malama, ki fara da tankin ruwa, harafin lissafi irin su x ya biyo baya. Tanki mai cin lita 500, akwai lita 50 a ciki, famfo na zuba lita 15 a minti. Ki bar su su lalubo da kansu minti nawa (x) tankin zai ɗauka kafin ya cika: 50 + 15x = 500, wato minti 30. Sai ki tambaye su me 15 ɗin nan take nufi. A nan da yawa suke tuntuɓe, kuma abin yana damuna ƙwarai, domin gobe su za su tsaya gaban yara. Ki kuma kawo musu lissafin gado. Al-Khwarizmi kansa, masanin lissafin da aka samo kalmar aljabara daga sunan littafinsa, a Bagadaza wajen shekarar 820, ya ba gado da wasiyya kaso mai tsoka a littafinsa.